Ranar da Subiyar Gwaggo Ta Yi Magana

Akwai wata Juma'a ta watan azumi a Makka wadda ko tsufa ya cinye mini sauran tunanina, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Shekaru sun wuce, na yi aure, na tara iyali, amma har yau in na buɗe firiji na ga farar jarka sai na tsaya na dube ta sau biyu.

Ina saurayi mahaifina ya tura ni wurin ƙanwarsa da ke zaune a Makka tun tana amarya. Kafin nan yaron mota ne ni, ina bin tirela daga arewa zuwa kudu, kuma a kan wannan hanya na koyi shan giya. Karatuna bai yi nisa ba, amma giya na karance ta ciki da waje, ta kwalba da ta tukunya. Na daina kafin in taho. A lokacin cewa nake na tuba, sai daga baya na gane dainawa daban, tuba daban. Kuma na saki jiki cewa babu wanda ya san wannan labari a gidan Gwaggo.

A unguwar Ka'akiyya take zaune, inda haya ke da sauƙi. Mijinta ya rasu, babban ɗanta kuma, wanda nake kira Yaya, yana da ɗan shago a ƙasan gidan, da izinin baladiyya, wato hukumar gari. A can aka haife shi, Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Shi ya samo mini takardar aiki. Duk shekara shagon lallaɓawa yake yi, amma da azumi ya kama sai layi ya kai bakin titi, saboda subiyar Gwaggo.

Ga wanda bai san subiya ba, ya ɗauke ta kamar kunun zaƙinmu. Sha'ir, wani hatsi mai kama da alkama, ake jiƙawa, a tace, a sa sukari da kirfa da kayan ƙamshi, a sanyaya. Mutanen Makka ba sa jin sun sha ruwa in babu ita. Sai dai tana da hali guda: in ta daɗe, musamman a zafi, tana juyawa ta zama abin da ke bugarwa. Shi ya sa ma'aikatan baladiyya ke zagaya shaguna a watan, suna buɗe firiji, suna duba wadda aka ajiye.

Gwaggo ba ta jiran su. Kullum da safe takan sauko shagon, ta durƙusa, ta manna kunnenta a jikin durom ɗin jiya, kamar mai sauraron maganar maƙwabta ta bango. Sannan ta miƙe ta ce, "Ya waladi, kai ta kwata." Ni ne mai zubarwa. Wata rana na ce mata, "Gwaggo, wannan fa lafiyarta ƙalau, ko tsami ba ta yi ba." Ta ce, "Subiya in ta fara magana ta gama zama tawa. Wannan ta buɗe baki za ta yi. Zubar, shi ke nan." Na kara kunnena ban ji komai ba. Na zubar ina jin haushin asara.

Aikina na yamma shi ne kai jarkoki masaukan baƙi a Jarwal, kusa da Harami. A ɗaya daga cikinsu na haɗu da wani Alhaji mutumin Kano da ya zo umara daga Amurka, inda yake tuƙin tasi. Mutum ne mai son hira. Da ya ji Hausa a bakina ya riƙe ni kamar ya ga ɗan ɗakinsu. Ya ɗaga jarkar yana dubawa ya ce, "Ɗan'uwa, ina lambarta?"

Na ce, "Wace lamba, Alhaji?"

Ya yi dariya ya ce a can komai da ake sha wanda zai iya bugarwa sai an auna ƙarfinsa an rubuta a jiki. Ya ce da farkon zuwansa ya yi aiki a kantin kayan abinci, ya bari saboda giyar da ake sayarwa. A jihar da yake, in ji shi, doka ta yarda irin wannan kanti ya sayar da giya mai rauni kaɗai. Mai ƙarfi kuwa sai a shago na musamman, mai lasisinsa daban da lokacin rufewarsa. Ka tsallaka jiha ta gaba, wata dokar ce kuma. Har mutane kan tuƙa mota su ƙetare iyaka don kawai su sayo wadda ta fi ƙarfi.

Wannan na ƙarshen bai ba ni mamaki ba. Na gani da idona a gida, a wata jiha ana farfasa kwalabe a bainar jama'a, ka wuce gada kaɗan ka tarar ana sha a bakin hanya. Abin da ya tsaya mini shi ne awon. Ban taɓa tunanin cewa giya na da mataki-mataki har hukuma ta zauna ta ja layi ta ce daga nan zuwa nan abu kaza ne, daga nan kuma wani abu ne daban ba.

Na ce, "To Alhaji, in ta yi rauni sosai fa? A ina take daina zama giya?"

Ya ce, "Wannan sai malamai. Ni direba ne." Ya karɓi jarkarsa ya shige.

Tambayar ta biyo ni har Ka'akiyya. Subiyar da na kai masa halal ce, babu mai shakka. In an bar ta, haram za ta zama, babu mai shakka. To a wane lokaci ne ɗaya ke komawa ɗaya? Da rana ne ko da dare? Akwai wani numfashi guda da kafinsa za ka sha ka samu lada, bayansa ka sha ka ɗauki zunubi? Kuma me Gwaggo ke ji a jikin durom wanda ni ba na ji? Maimakon in tambayi malami, ga su nan birjik a gari, sai na ce bari in gani da kaina.

Washegari da ta ce in zubar, na zubar da rabi, na cika wata farar jarka da sauran, na hau da ita saman bene na tura ta bayan tankin ruwa. Kullum bayan azahar sai in hau in duba. Da farko shiru. Daga baya na kara kunne na ji wani ɗan sauti siriri, kamar ana soya abu a gida mai nisa. Wallahi sai da na yi murna, na ce ashe Gwaggo ba almara take yi ba. Jarkar ta fara kumbura, sai in sassauta murfin, iska ta fita da huci. Na ƙara mata sukari, domin na taɓa ganin masu burkutu suna ciyar da tasu. Ina shinshinawa ina ce wa kaina ai ina azumi, ba sha zan yi ba, ilimi nake nema.

Yanzu da na girma zan faɗi gaskiya. Rabin abin son sani ne. Ɗaya rabin kuwa, ranar da warin ya canza ya koma wanda na sani, na daɗe a tsugune a bayan tankin nan fiye da yadda neman ilimi ke buƙata. Hancina ya gane tsohon abokinsa, kuma bai ji haushin ganinsa ba.

Daga nan na yi wautar da ta fi duka. Na tuna maganar Alhaji cewa akwai mai rauni akwai mai ƙarfi, na ce bari in tsayar da tawa a nan kada ta wuce. Sanyi ne ke tsayar da ita. Ranar Juma'a da hantsi, babu kowa a shago, na sauko da jarkar na cusa ta can ƙasan firiji ta baya, da niyyar in mayar da ita sama in na dawo daga Jarwal.

Abin da na manta shi ne Juma'a ce. Tun da mijin Gwaggo ya rasu, duk Juma'ar azumi takan aika jarkar subiya masallacin unguwa, sadaka gare shi, a zuba wa masu buɗa-baki a can, yawancinsu leburori da baƙi marasa iyali. Kuma takan ajiye jarkar sadakar daban, a ƙasan firiji, don kada a sayar.

Ranar cunkoso ya riƙe ni a Jarwal, ban iso ba sai da rana ta yi ja. Na ratsa layin masu saye na buɗe firiji. Jarka ɗaya ce a ƙasa, a gaba, jikinta sumul babu kumburi. Tawa babu.

Na ce, "Yaya, ina jarkar da ke baya?"

Yana ɗaure leda bai ko dube ni ba ya ce, "Ta masjid? Na kai. Na ga biyu, na ɗauki ta baya, ta fi sanyi. Yalla, zo ka taya ni."

Ban san lokacin da na fita ba. Takalmina ɗaya ya cire a hanya ban koma ba. Abin da ke kaina kawai shi ne mutanen da suka wuni da ƙishirwa don Allah, a garin Makka, za su buɗe baki da abin da na ciyar da sukari a bayan tanki, kuma da sunan mamaci.

Na tarar an shimfiɗa leda doguwa a harabar masallaci, mutane sun zauna layi biyu, dabino a gaban kowa. Kofunan roba kuwa an riga an cika su, farare tas, an jera. Ladanin masallacin, wani dattijo da iyayensa suka zo ta Chadi aka haife shi a Makka, shi ke riƙe da jarkar yana tsiyaye ragowar. Ya gan ni ya washe baki.

"Ɗan Hajiya! Ka ce mata ta yau ta musamman ce, masha Allah. Dubi yadda take tsalle a kofi."

Na kama hannunsa na ja shi gefe. Na ce, "Baba, kada a sha. Ta juya."

Fuskarsa ta canza. Ya kai jarkar hancinsa. Sanyi ya danne warin, kirfa da sukari sun rufe sauran. Ya ce, "Ni ƙamshi nake ji. Yaro, tun kafin a yaye ka nake zuba subiyar Hajiya a nan, ba ta taɓa juyawa ba. Kada ka ɓata wa baiwar Allah suna."

A nan na ga irin ramin da na haƙa. Babu wanda zai iya ɗanɗanawa ya raba gardama, kowa na azumi. Lokacin da za a iya ɗanɗanawa kuwa shi ne lokacin da kowa zai kafa kai gaba ɗaya. Na yi tunanin in ce ƙadangare ya faɗa ciki. Ƙaryar ta zo har bakina. Sai na ga in na faɗe ta, gobe unguwa za ta ce Gwaggo ƙazama ce, laifina ya koma kanta.

Dattijon ya dubi sama, ya dubi agogon bango. Ya ce, "Zan hau kiran salla. Faɗa mini, ta yaya ka sani?"

Na ce, "Ba ta Gwaggo ba ce. Ni na ɓoye ta a rana har ta juya. Kuma na san warin, Baba, domin na sha giya shekaru a gida. Wannan giya ce."

Na zaci zai mare ni, ko ya ɗaga murya. Sai ya miƙa hannun da ke riƙe da jarkar nesa da jikinsa, yana kallonta kamar an ce masa maciji ne a ciki. A hankali ya ce, "Ita ce wannan?" Ya sake cewa, "La ilaha illallahu. Duk rayuwata ina jin sunanta a huɗuba, ban taɓa ganin ta ba. Ashe fara ce."

Na ce, "Kala-kala ce, Baba."

Ya ce, "Rufe mini baki, kwashe kofunan."

Ya juya ya yi wa jama'a magana da Larabci cewa subiyar yau ta samu matsala, a yi haƙuri da ruwa. Bai ƙara ko kalma ba. Muka bi layi muna kwashewa, ni da wasu mutum biyu. Wani lebura ya riƙe nasa da hannu biyu yana roƙona da ido, sai da na ɓamɓare yatsunsa. Ina juye na ƙarshe a kwata Baba ya ɗaga murya da kabbara. Mutane suka buɗe baki da dabino da ruwa, ni kuma na tsaya da ƙafa ɗaya babu takalmi, hannuna na danƙo.

Bayan an idar da salla ya kira ni. Har yanzu abin bai sake shi ba. Ya rage murya ya ce, "Wai da mun sha, me zai faru?"

Na ce, "Kofi ɗaya wataƙila kunne ya yi ɗumi. Amma a kan cikin da ya wuni babu komai, wanda ya ƙara na biyu zai ji ƙasa na motsi."

Ya riƙe haɓa ya ce, "Da yau an ga tarawihin da ba a taɓa gani ba." Ya so ya yi dariya ya fasa. Ya miƙo mini jarkar ya ce, "Ni ban ji komai ba. Amma Hajiya za ta ji, kuma daga bakinka."

Na same su a shago suna shan ruwa. Na faɗi komai, tun daga Alhajin Amurka har kwatar masallaci. Yaya ya tashi tsaye, Hausarsa ta ƙare, ya koma Larabci. Abin da na tsinta shi ne da ma'aikatan baladiyya sun buɗe firijin nan yau, da an rufe shagon, shi yana hannun hukuma, ni kuma ina cikin jirgi. Gaskiya ya faɗa.

Gwaggo ta bar shi ya gama. Sannan ta ce a fito da duk abin da ke cikin firijin a zubar, a wanke shi, a sallami masu jira. Yaya ya ce, "Ya ummi, sauran ai na yau ne!" Ta ce, "Sun wuni ɗaki ɗaya da ita." Haka na yi ta jigila zuwa kwata, har da jarkar sadakar ta gaskiya wadda ba ta je ko'ina ba. Da na ɗauko ta Gwaggo ta bi ta da kallo ta ce, ba da ni take ba, "Tun da maigidana ya tafi ba a taɓa Juma'ar azumi ba a sha tasa ba." Duk faɗan Yaya bai shige ni kamar wannan ba.

Da na gama ta ce in zauna. Ta ce, "Maganar giyarka ta gida, ubanka ya faɗa mini tun kafin ka sauka daga jirgi. Kana ganin don me na ba ka aikin zubarwa? Na ce hannun da ya saba ɗauka ya koyi zubarwa."

Na sunkuyar da kai. Can sai na ji ta ce, da wata murya daban, irin ta mai son jin labari, "To, ka gano?"

Na ce, "Me, Gwaggo?"

"Abin da ka hau bene nema. A ina take juyawa?"

Na yi tunani sosai kafin in amsa, domin tambayar ta cancanci gaskiya. Na ce, "Ban gano ba. Kullum in na duba sai in ga kamar ta jiya ce, ta ɗan ƙara kaɗan. Babu ranar da na ce yau ce. Na dai farga ta riga ta zama."

Ta gyaɗa kai ta ce, "Ni ma ban sani ba, shekara da shekaru. Shi ya sa ba na jiran ta."

Juma'ar da ta biyo baya ita da kanta ta ɗora mini jarkar sadaka a kafaɗa ta ce in kai. Baba ladan na hango ni ya ce, "Ga mai hanci ya iso. Zo ka shinshina mana kafin mu zuba." Babu wanda ya gane abin da yake nufi sai ni. Na shinshina, na ce lafiya lau, ya ce to bismilla.

Ban taɓa ɗanɗana abin da ke cikin waccan jarka ba, amma ba na yabon kaina a kan haka. Na sha tambayar zuciyata, da Yaya bai ɗauke ta ba, da na mayar da ita bayan tanki, me zai faru bayan salla? Ba na son amsar da nake samu.

Har yau ina mamakin mutanen da ke zama su auna ƙarfin giya su rubuta lamba, kuma na yarda hukuma ba ta da yadda za ta yi sai ta ja layi a wani wuri. Amma ni wannan rana ta koya mini cewa duk lokacin da na ji ina son sanin daidai inda halal ta ƙare, to ba ilimi ne ke jana ba, ƙafata ce ke son matsawa kusa. Tun daga lokacin, a kan abin sha ne, ko ciniki, ko hira da wadda ba tawa ba, in na ji abu ya buɗe baki zai yi magana, ba na tsayawa in ji me zai ce. Kwata nake kai shi.